Gidan da Na Ce An Rushe

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2018

Baƙi biyar yau, iyali ɗaya daga Gujarat, da jariri mai kuka. Na kai su Darbar Sahib, babban wurin ibadarmu, da safe na zuba musu abin da na saba zubawa. Guru na huɗu cikin shugabannin addininmu ya haƙa tafkin, na biyar ya gina ɗakin a tsakiyar ruwa ya yi masa ƙofa huɗu don kowa ya shigo ta inda ya fito, Afganawa suka rushe aka sake ginawa, Maharaja ya lulluɓe shi da zinariya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina faɗa wa baƙin Amritsar wannan. Bakina ke yi shi kaɗai, ni kuwa ina tunanin man gwiwar mahaifiyata Biji da ya ƙare. Matar ta tambaye ni kilo nawa ne zinariyar. Kullum sai an sami mai tambayar kilo.

Kirpal ya jira mu da kekensa mai ƙafa uku a bakin hasumiyar agogo. Wai, "Farfesa, yau sau nawa Afganawan suka rushe shi? Jiya na ji uku, shekaranjiya biyu." Na ce ya ji da tayarsa. Tun muna aji ɗaya yake damuna, ba yanzu zai daina ba da gemunmu ya yi fari.

Saƙo daga Ingila. Wata mata, Shagufta, za ta kawo mahaifinta kwana biyar. Shekararsa tamanin, kada a wahalar da shi da tafiya.

Talata, 6 ga Fabrairu

Sanyi. Biji ta ƙi cin komai sai shayi da rabin gurasa. Matata Swaran ta ce in na gaji da baƙi in zo in gwada ciyar da uwata in gani.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Sunansa Karamat Husain. Ɗan ƙaramin tsoho, gemu gajere, hular ulu, sanda. Na gaishe shi da Turanci, ya amsa min da Punjabi irin na tsofaffin cikin gari, wanda na zata ya ƙare da su. A nan aka haife shi. Yana da shekara tara suka gudu Lahore lokacin rabon ƙasa, daga baya ya tafi Bradford ya ƙare ƙarfinsa a masaƙa. Shekara huɗu yana neman biza kafin a ba shi.

A bakin ƙofa Shagufta ta so a ɗauko masa keken guragu. Ya ce da ƙafa ya fita, da ƙafa zai shiga. Ya wanke ƙafa, ya rufe kai, muka sauka. Na fara jawabina. Ya saurara cikin ladabi kamar ɗan makaranta. Da muka hau gadar da ke kaiwa ɗakin, muryar masu waƙar yabo ta fito sosai, sai ya tsaya cak, mutane suna ratse shi. Na ji yana bin waƙar a maƙogwaro. Ba bin ta ma yake ba, gabanta yake, kafin su juya murya shi ya riga ya juya.

"Mahaifina a ciki yake zama," in ji shi. "Gefen dama, kusa da ginshiƙi. Ni nake riƙe masa jakar kayan kiɗa."

Makaɗan nan Musulmi da suka yi gadon yi wa Darbar waƙa, kaka da kakanni, har zuwa shekarar arba'in da bakwai, ta rabon ƙasa. Na san da su. Ina ma ambatonsu in na ga baƙo mai son irin wannan. Ban dai taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ɗan ɗayansu ba. A nan na bar jawabina.

A langar, inda ake ciyar da kowa kyauta, ya zauna a ƙasa cikin layi. Shagufta ta ce, "Abba, gwiwarka!" Ya ce, "Gwiwar nan ta ci abinci a nan tun ba a haifi uwarki ba." Ya tara hannu biyu aka sa masa gurasa, ba wanda ya koya masa. Ni da Shagufta da wani mai rabon abinci muka taru kafin mu miƙar da shi.

Na dawo gida da farin ciki. Na rubuta don in tuna cewa yau da farin ciki na dawo.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Da safe Jallianwala Bagh, filin da sojojin Turawa suka harbe taron jama'a. Ramukan harsashi a bango, rijiyar da mutane suka faɗa. Tsohon ya ce suna yara a nan suke wasan ɓuya, ba wanda ya gaya musu komai.

Da rana muka zauna wajen mai kulcha, gurasar tanda ta garinmu. Kirpal ma ya zauna, tsohon ne ya matsa masa. Ana cikin ci Shagufta ta fito da wata takarda da ta sha ninki, zanen da Abbanta ya yi da hannunsa. Ta ce duk sauran yawon ƙari ne, wannan ne ya kawo su. Gidansu. Ba ya tuna sunan lungun. Amma ya rufe ido ya fara lissafawa. Bayan kasuwar masu tagulla, lungu matsattse da mutum biyu ba sa gilmawa. Ƙofa mai manyan ƙusoshi. Rijiya a tsakar gida, an rufe rabinta da faifan dutse. Matakala goma sha tara zuwa soro, ta bakwai ta fi sauran tsayi, maginin ne ya yi kuskure, duk baƙo sai ya yi tuntuɓe. Ya ɗaga gemunsa ya nuna mana tabo a haɓa. "Ga shaida."

Na ga Kirpal ya daina tauna.

Gidanmu. Gidan da gwamnati ta ba mahaifina Bapuji a ƙarshen arba'in da bakwai a madadin namu da aka bari can bayan iyaka. Inda aka haife ni. Inda Biji take kwance yanzu haka.

Tsohon ya kira ni da sunan girmamawa na mu masu rawani, ya ce, "Ba na son komai, Sardarji. In masu gidan sun yarda, in hau soro in sauko, shi ke nan."

Sai na ji muryata, irin ta aiki, a natse, tana cewa wannan ɓangaren ai an rushe shi tun tamanin da takwas, lokacin da aka share gidajen kewayen Darbar aka yi lambu. Har da shekara na ba shi. Har da nuna wajen da yatsa a kan takardarsa.

Ya ce, "To." Ya ninke takardar. Ya ƙarasa kulcharsa, bai bar ko gutsure ba.

Me ya sa? Tun da na dawo nake tambayar kaina. Na ce saboda Biji ne. A hanyar gudun nan 'yarta ta fari ta mutu a hannunta, wata huɗu da haihuwa, aka bar ta a bakin wata magudana. Wajen gwaggo na ji, ita ba ta taɓa faɗa ba. Shekararta tamanin da takwas, me zai sa in kawo mata arba'in da bakwai har bakin gado? Wannan dalili ne mai kyau. Amma sai a kan hanya ya zo min, bayan na riga na yi ƙaryar. Abin da ya fara zuwa shi ne muryar Bapuji: sun ƙwace mana gona da shanu da gida mai ɗaki takwas, suka bar mana wannan keji. Da kuma wani abu maras suna. Kamar in ya taka tsakar gidan, ni zan koma baƙo.

Da zan hau wajen Biji na yi tuntuɓe a matakala ta bakwai. Rabona da yi tun ina saurayi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na kai shi masallacin Hall Bazaar ya yi Juma'a, na jira a waje da Shagufta. Ta ce tun rasuwar uwarta ba shi da magana sai ta gidan nan. Likita ma bai so ya hau jirgi ba, zuciya ce.

Da ya fito ya ce in nuna masa wurin. Na yi zaton ba zai nema ba.

Na kai su lambun da ke bayan bango, na zaɓi wani gefe da babu mutane sosai, kusa da wani benci. Na ce, "Kamar nan ne." Ya daɗe a tsaye. Ya juya gabas, ya juya yamma. Ya ce hasumiyoyin nan biyu na gefen Darbar daga soronsu kamar sun fi haka nisa. Na ce idon yaro daban ne. Ni na faɗi haka, da bakina.

Ya durƙusa a kan ciyawa. Ya yi addu'a, ya kira sunan uwarsa da na mahaifinsa da na wata Zubaida. Ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya ƙara. Shagufta ta cire ledar magani daga jakarta ta zazzage, ya ɗebi ƙasa da yatsu ya zuba. Ta ɗauke shi hoto. Ta ce ni ma in shiga. Na shiga.

Daga inda muke tsaye zuwa ƙofarmu tafiyar minti shida ce. Da sandarsa, goma.

Kirpal bai sauko daga keke ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Iyakar ƙasa ta Attari, bikin sauke tuta. Shagufta ce ta so, ta gani a talabijin. Ihu, ganguna, sojoji na ɗaga ƙafa har goshi, namu da nasu. Tsohon ya toshe kunne ɗaya. Ya nuna bayan ƙofar ƙarfen da sanda ya ce ƙanwarsa tana can, awa ɗaya a mota, amma sai ya koma Ingila tukuna kafin ya iya zuwa wajenta. Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Bayan mun sauke su a masauki, Kirpal ya ja gefe ya kashe keke. Bai juyo ba.

"Tochi, haƙorina na gaba a ina na bar shi?"

Da sunana na gida ya kira ni, sannan ya ba kansa amsa.

"Matakala ta bakwai ta gidanku, muna aji uku. Biji ce ta wanke min baki a bakin rijiyar nan. Mai rabin murfi."

Na ce masa bai san halin da Biji take ciki ba. Ya ce, "Ka tambaye ta?" Na ce ba abin tambaya ba ne. Ya ce, "Shekara talatin ina jin ka kana gaya wa mutane ƙofa huɗu, ƙofa huɗu. Taka guda ɗaya ce tak." Na ce ya tsaya ga tuƙinsa, ba a ɗauke shi wa'azi ba. Na faɗi wata magana a kan iliminsa wadda ba zan rubuta ba.

Ya ce gobe in nemi wani ya kai mu tasha.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Jirginsu na ƙasa zuwa Delhi ƙarfe biyar na yamma. Tun safe nake da lokaci. Na sa rawani da ƙarfe tara, na cire. Na sake naɗawa da sha ɗaya. Na shirya maganar tsaf: Karamat sahab, na sake duba takardarka, akwai wani gida. Ko haka ma da ya isa. Ba sai na ce ƙarya na yi ba.

A tasha ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce ya sami abin da ya zo nema. Ya ce da ana tambayarsa wa zai gaji gidansu, bai san zai zaɓi wani abu da ya fi hanyar masu ziyara ba. Ya ce, "Ka yi min abin da ɗa ke yi wa uba."

Bakina ya buɗe. Na ce ya kula da matakalar jirgin, tana da tsayi.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Ban fita ba. Na ce wa ofis mura nake.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

'Yan makaranta daga Ludhiana, su talatin. Na rikita shekarun, wata yarinya ta gyara min daga littafinta. Da muka zo wajen ƙofofin na tsallake, na wuce kan zinariya.

Na hangi Kirpal a tasharsu yana shan shayi. Ya gan ni. Ya juya ya shiga goge madubi.

Swaran ta ce kwana bakwai ke nan ina cin abinci kamar mai shan magani, in ba zan faɗa mata ba in je in faɗa wa wani. Na faɗa mata a kicin, tana murza gurasa. Ba ta daina murzawa ba. Da na gama ta ce, "Da na sani da na ƙara gari, ai baƙo ba ya cinye gida." Shi ke nan abin da ta ce. Gara ta zage ni.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Rana ta fito. Na goya Biji zuwa soro, ta yi sauƙi kamar damin kara. Na shimfiɗa mata gado a rana ina shafa mata mai a gwiwa. Ban yi niyya ba. Ita ce ta ce, "Tochi, hannunka na nan, kai ba ka nan." Sai na faɗa. Na fara da cewa don ita na yi.

Ta janye ƙafarta.

"Don ni? Yaushe na aike ka?"

Ta mai da ido kan rufin maƙwabta. Sannan ta fara magana, ba ni take kallo ba. Ta ce ranar da suka shigo gidan nan sun tarar da ƙullun gurasa a akushi a kicin, ya bushe ya tsage, amma shatin yatsun matar na nan a jiki. Ta ce ta sa yatsunta a ciki, daidai suke. Takalman yaro a gindin matakala, an jera su. Wani abin kiɗa mai tsirkiya a jakar zane, rataye a bango. Wata shida ba ta motsa komai daga inda yake ba, tana cewa za su dawo, mu ma za mu koma. Abin kiɗan kuwa, Bapuji ya fasa shi da tsakiyar sanyi ya sa a wuta, ba itace. Ta ce ya yi wata ƙara da tsirkiyar ta tsinke, har yau tana jin ta.

"Takalman na ajiye. Na riƙa shafa musu mai. Da ka kai, kai ka sa su, ka tafi makaranta da su shekara guda."

Ban san haka ba. Shekara sittin da huɗu a gida ɗaya da ita.

Ta ce, "Duk wanda ya buga ƙofar nan da baƙuwar murya, sai gabana ya faɗi in ce su ne. Ba tsoro ba, Tochi. So nake in ce wa matar ban ɓata mata kicin ba. Shekara saba'in ina jira, ya zo har bakin lungu, ka kai shi ya yi wa ciyawa kuka."

Na ce Biji, yarinyar fa. Ban taɓa ambata mata ba sai yau.

Ta ce, "Yaron nan mai shekara tara ne ya kashe min ita?"

Ta ce in kira su. Na ce sun koma Ingila. Ta ce Ingila ba ta da waya?

Da za mu sauka ta ƙi in goya ta. Swaran ce da matar maƙwabci suka sauko da ita a kujera.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na kira Shagufta. Sau biyu ina kashewa kafin ya shiga.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ledar nan tana kan teburinsa, kusa da hoton Ammi. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna masa. Jiya ya gaya wa limaminmu gidan ubansa ya zama hanyar bayin Allah." Ta ce ba zai sake samun biza ba, ko ya samu likita ba zai bari ba, na san haka? Na ce na sani. Ta ce, "To me kake so in yi da wannan maganar? Ka sauke kayanka a kaina don ka sami barci?"

Ta ce ba za ta gaya masa ba. Ta kashe.

Tana da gaskiya. Biji ma tana da gaskiya. Ni kaɗai ne.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Biji ta tambaya. Na gaya mata. Ta juya ta fuskanci bango.

Alhamis, 1 ga Maris

Na je Darbar ni kaɗai, ba baƙi. Na karɓi aikin ajiye takalma na awa uku. Da ake miƙo min su ina ta kallon na yara. Bai rage komai ba. Ban ma san me na zata zai rage ba.

Lahadi, 4 ga Maris

Jiya Shagufta ta aiko saƙo, layi biyu. Ta gaya masa. Kwana biyu bai ce komai ba, yanzu yana so ya ga gidan ta waya. Yau ƙarfe huɗu namu.

Swaran ta wanke tsakar gida sau biyu, kamar ta waya za a ga ƙura. Biji ta sa aka ɗauko mata farin mayafinta na zuwa Darbar.

Fuskarsa ta fito a wayar, kusa ƙwarai, rabin goshi da tabarau. Na ce, Karamat sahab. Na fara abin da na shirya. Ya ɗaga hannu. "Sardarji, fara daga ƙofa."

Na fita lungu na fara daga ƙofa. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Idonsa ma ba ƙarfi, ina jin Shagufta na gaya masa ga ƙusoshin, ga rijiyar. Ya ce in kai wayar bakin rijiya in yi magana a ciki. Na rasa me zan ce, na ce "kai!" Amsar ta dawo. Ya ce, "Ita ce." Na hau bene yana ƙirgawa da ƙarfi. A soro na juya masa ta wajen hasumiyoyin, amma rana ta haske gilashin, ya ce fari kawai yake gani. Na gwada ta ko'ina. Fari.

Na kai wa Biji. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon zafi. Ta ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri da ɗana, girman jiki ne kawai." Ya ce, "Yaya, ina wuni." Suka shiga hira kamar waɗanda suka rabu bara. Ta ba shi labarin ƙullun. Ya ce ranar uwarsa ta ce su tafi gidan kawu su kwana biyu kafin gari ya lafa. Zubaida wata ƙanwarsa ce, a sansanin gudun hijira ta rasu. Biji ta gyaɗa kai, ba ta ce komai a kan tata ba, amma na ga ya gane.

Na yi fatan ba za ta faɗi na abin kiɗan ba. Ta faɗa, ba ta rage komai ba. Sannan ya ce, "Yaya, sanyin shekarar nan mu ma ƙyauren wani muka ƙona a Lahore. Mai zane ne, da tsuntsaye."

Ya tambaye ta sunan ƙauyensu. Ta faɗa, kusa da Sheikhupura, ta kwatanta masa ceɗiyar da ke bakin gidan da wurin da ake ɗaure shanu. Ni ban taɓa jin ta kira sunan ƙauyen ba. Ya sa Shagufta ta rubuta.

A ƙarshe ya ce a ba shi ni. Na tsaya kamar mai jiran bulala.

"Sardarji, kwana biyar nake garinku. Da ƙafata."

Na ce na sani.

"Ƙasar nan da na ɗebo, ta ina ce?"

Na ce ta lambu ce kawai, ban san gidan wa ke wurin ba a da.

Ya ce, "To ai na wani ne. Zan riƙe masa." Ya ce a gaida mai gidan. Swaran yake nufi. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba, ban ga fuskar roƙo ba.

Talata, 6 ga Maris

Biji ta cinye gurasa biyu. Ta bar ni na shafa mata mai, amma ba hira.

Litinin, 19 ga Maris

Hotuna tara daga Shagufta. Ɗan ƙanwar tsohon da ke Lahore ya hau babur ya je ƙauyen. Ya sami ceɗiyar. Gidan an sake masa fuska da bulo, amma ɗakunan ciki na nan. Ya buga ƙofa, ya ce wata tsohuwa ce daga Amritsar ta aiko shi. Ba su tambaye shi komai ba. Suka shigar da shi, suka zaga da shi ɗaki ɗaki, suka hana shi tafiya sai da ya ci abinci. A hoto na ƙarshe duk mutanen gidan sun jeru a tsakar gida, su goma sha, wata tsohuwa a tsakiya ta ɗaga hannu. Wai a gaya wa mai gidan ta zo ta ga kayanta.

Ba su san shi ba. Ko takarda bai riƙe ba.

Biji ta sa na buɗe mata hoton ɗakin kudu na ƙara masa girma. Ta daɗe a kai. Ta ce, "A nan na haife ta." Ta faɗi sunan. Harbans. Ina da yaya mai suna Harbans.

Talata, 27 ga Maris

Na je tasharsu na tsaya a gaban keken. Kirpal ya ce, "Ina zuwa?" kamar bai san ni ba. Na ce wajen mai hoto na Hall Bazaar. Ya ce in hau. A hanya na janye maganar da na yi masa, ya ce wace, shi jahili ne ba ya riƙe magana. Da mai hoton ya ce in gyara rawani in kalli gaba, sai ga shi a bakin ƙofa yana cewa, "Farfesa, hoton fasfo ne wannan ko na neman aure?"

Fasfo ɗina ya daɗe da mutuwa, ya kamata a sabunta, shi ke nan. Na kuma ba da sunana cikin masu zuwa ziyarar Nankana Sahib a watan Nuwamba. Mutum ya shekara talatin yana ba da labarin inda aka haifi Guru na farko bai taɓa gani ba, ai abin kunya ne a sana'a. Don aiki ne.

Ƙauyen dai a kan hanya yake. Ban san ko za a bar mu mu sauka ba. In an bari, ban san me zan ce a bakin ƙofar ba.

Swaran ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Na ce wa ya ce gidan mutane zan je. Na dai tambayi Biji me ake kai wa tsohuwa.